RA'AYINMU: Maganin Tsutsar Ciki Ya Bi Yaro Inda Yake

Akwai cututtukan da kan shigo gari da ganga, irin su amai da gudawa da sanƙarau, waɗanda kowa kan tashi tsaye in sun ɓulla. Akwai kuma masu shigowa a sace, su share wuri su zauna shekara da shekaru ba wanda ya ce musu uffan. Tsutsar ciki tana cikin waɗannan na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 1,500 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kamuwa da su daga ƙasa, watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Wadda ta fi ɓarna ga jini ita ce tsutsa mai ƙugiya. Ƙwanta yakan fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su huda fatar ƙafar da ba takalmi, su bi jini zuwa huhu, daga nan su gangara hanji su maƙale suna tsotsar jini. Duk wanda ya san gonaki da fadamun ƙasar Tambuwal da Kebbe da damina ya san wa ke taka ƙasar nan: manomi ne, da yaro mai kai abinci gona, da mai kiwo. Sakamakon kuwa shi ne ƙarancin jini. Yaro ya riƙa gyangyaɗi a aji ana kiransa malalaci, mai juna biyu ta tari haihuwa ba isasshen jini a jikinta.

Abin takaici, maganin ba wuya gare shi ba. Ƙwaya ɗaya ta albendazole mai miligiram 400, ko ta mebendazole mai miligiram 500, ita ce abin da ake bayarwa a rabon jama'a. Dukansu suna hana tsutsa cin abinci ne har ta mutu. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 rabin ƙwayar albendazole ake ba shi, a daka a dama da ruwa don kada ta shaƙe shi. Mai ciki kuwa sai ta wuce wata 3 na farko. Kamfanin GSK da na Johnson & Johnson suna ba da waɗannan magunguna kyauta domin 'yan makaranta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙa'idar hukumar ita ce a raba sau ɗaya a shekara inda yara 20 cikin 100 suka kamu, sau biyu inda suka haura 50.

Amma ya kamata mu 'yan boko mu san iyakar maganin, don kada mu yaudari iyayenmu. Dukansu biyu suna kashe macijin ciki sosai, sai dai a kan tsutsa mai ƙugiya ƙwaya ɗaya ta albendazole ta fi ta mebendazole aiki nesa ba kusa ba. Tsargiya kuwa ba ruwanta da su, nata maganin praziquantel ne. Saboda haka wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa, asibiti ya kamata ya nufa, kada ya tsaya kemis ya ce a ba shi "na tsutsa".

To, ina gizo ke saƙa? A wurin rabo. Tun 2001 taron ministocin lafiya na duniya ya ƙudurta cewa kafin ƙarshen 2010 a riƙa bai wa aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran da suka isa shiga makaranta magani a kai a kai. A lura, yaran da suka isa shiga makaranta aka ce, ko sun shiga ko ba su shiga ba. Hanyar da ta fi sauƙi kuwa ita ce a kai kwali firamare, malami ya kira suna ya raba. Ina almajirin tsangaya a Dogon Daji? Ina ɗan Fulani a ruga can wajen Kuchi? Ina yarinya mai talla? Su ne suka fi yawo ba takalmi, kuma su ne sunansu bai cikin rajista. Rabon da ya tsaya a ƙofar aji ya tsallake waɗanda suka fi bukata.

Sa'an nan magani yakan wanke ciki ne kawai, ƙasar da ta ba da cutar tana nan yadda take. Yaron da ya sha ƙwaya yau, in ya koma taka bayan gari, cikin 'yan watanni ya sake kamuwa. Lokacin da attajirin nan Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 a 1909 don yaƙar wannan tsutsa a kudancin Amurka, an haɗa ba da magani ne da koyar da gina masai. Ba sai mun tafi nesa ba ma: a 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Abin da Jigawa ta iya, Sakkwato ba ta da dalilin kasawa.

Don haka muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da su ƙidaya tsangayoyi da rugage cikin wuraren rabo, a ja malaman allo da arɗo-arɗo a jiki tun ranar tsara aiki. Asibitocin karkara su haɗa maganin nan da ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awon ciki. A dawo wa duba-gari martabarsa, kowace makaranta da kasuwa da tasha ta sami masai mai murfi.

Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata kuma, in hutu ya zo, kada mu koma gida mu miƙe ƙafa. Kowannenmu ya tambayi malamin asibitin garinsu yaushe ne rabo na gaba, ya sanar da mai unguwa da liman, ya raka ƙannensa da almajiran gidansu su karɓa. Wanda ke da ɗan hali ya saya wa yaro ɗaya silifa. Da kuɗin talakawan nan aka koya mana karatu, wannan kaɗan ne daga cikin bashin da suke bin mu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.