Masu Gida Sun Koma Baƙi

Duk wanda ya san ƙwallon ƙafa a Nijeriya ya san kirarin Kano Pillars, watau Sai Masu Gida. Ba kuwa a banza aka yi mata wannan kirari ba. Tun daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta yi galaba a kanta a gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago da ci 2 da 1. A tsakanin waɗannan shekaru ne ta ɗauki kofin gasar har sau huɗu, a 2008, da kuma 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 ma sai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka.

To, ina aka kwana? Tun daga 2014 kofin gasar bai sake kwana a Kano ba. Gaskiya ne ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019, amma a 2022 sai ga ƙungiyar da ake tsoro ta faɗa rukuni na biyu, ba ta komo ba sai a 2023.

Waɗansu suna ɗora laifin a kan masu horarwa, waɗansu a kan gwamnatin jiha wadda ita ce mai ƙungiyar. Ba mu ce ba su da hujja ba. Amma mu a ganinmu akwai wata cuta da ta fi waɗannan muni, ita ce ɗanyen aikin waɗansu 'yan kallo. A watan Afrilu na 2022 aka farfasa motar 'yan wasan Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Hukuma ta ci tarar Pillars, ta zaftare mata maki, ta mai da wasanninta Abuja, kuma a ƙarshen kakar nan ce ta faɗi. Aka yi zaton an ɗauki darasi, sai ga shi a watan Oktoba na 2025 an auka cikin fili an dūki alƙalan wasa bayan karawa da Shooting Stars ta Ibadan. Aka sake zaftare maki uku, aka kora ta Katsina.

Jama'a, mu duba wannan al'amari da idon basira. Makin da Rabi'u Ali da Ahmed Musa suka yi gumi suka samo, wani ne zai zubar da shi da jifa ɗaya, sa'an nan ya ce wai ƙauna ce ta sa shi. Wace irin ƙauna ce za ta kori mai gida daga gidansa? Ai wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar da su yi rajistar magoya baya, su tsare ƙofofin shiga, kuma duk wanda aka kama ya yi jifa a kai shi gaban shari'a, komai uban gidansa. Mu kuma ɗalibai da matasan ma'aikata, kada mu bar wa 'yan ta-kife fili. Mu shiga ƙungiyoyin magoya baya, mu tsawata wa na kusa da mu kafin ya ɗaga dutse, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kofi na biyar ba zai zo Kano ba sai ranar da baƙo zai ci mu a Ƙofar Mata ya koma gida lafiya. Allah ya sa a gane.