Awon jini don sanin namiji ko mace: in an sani, sai me?

Jama'a, yanzu ana ɗibar jinin mai ciki tun wajen mako 10 a gane namiji ne ko mace. Mu dai mun san gidajenmu: wadda ta jera ƴaƴa mata, gori take sha wajen uwar miji, alhali daga uba jinsin yake fitowa. To yanzu gorin zai soma tun ciki bai fito ba. Indiya ta ga ana zubar da cikin ƴaƴa mata, ta hana faɗin jinsi tun 1994. A Maradi da Damagaram, ƙarancin jini da zazzaɓin sauro ke kashe mana masu ciki. Su za a auna! Mu kai matanmu awo. Wanda Allah ya ba mu, mu yanka masa rago.