In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari

Wani abokin aikina ya dawo daga tafiyar wata biyu, aka ɗauke wuta, ya yi ta jan igiyar janaretansa har kafaɗa ta yi tsami, inji ko tari bai yi ba. Da aka buɗe murfin sai ga sheƙar ɓeraye a gidan filtar iska, ga wayoyi biyu a gutsure. Kafin magariba abokai sun yanke masa hukunci: ya sayar wa 'yan gwangwan ya sayi sabo, ko kuma ya koma sola. Babu wanda ya tambayi iya inda haƙorin ya kai.

Da wannan hukunci nake jayayya, domin ragonci ne aka yi wa rawanin wayewa. Janareta abu biyu ne aka haɗa: injin da ke ƙona fetur, da kan da ke haifar da wuta, inda aka naɗe wayar jan ƙarfe. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa yake gaigayar duk abin da ya samu, amma abin da ya fi ƙarfinsa ya fi ƙarfinsa. Yana cin robar da ta rufe waya, da tiyon mai, da soson filta. Fistin da silinda kuwa sai dai ya yi musu fitsari. Ke nan mafi yawan ɓarnarsa tana sauka ne a kan kayan da suka fi araha.

Wanda ke cewa a sayi sabo ya manta da shekarar 2023. A ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, janareta kuma daga waje ake shigo da shi. Yar da inji mai lafiya saboda waya biyu a irin wannan yanayi almubazzaranci ne. Sola alheri ce ga mai hali, sai dai ita ma da wayoyi take aiki, ɓeran da ya ci na janareta kuma yana nan a gidan.

Ban ce kowane inji ya cancanci gyara ba. Idan haƙori ko fitsari ya kai ga naɗin, har aka tayar da injin ya ƙone, to sai an sake naɗi, nan kuma ake shan cuta: wasu masu gyara kan karɓi kuɗin jan ƙarfe su naɗa alminiyam, wanda ya fi saurin ɗaukar zafi. Idan aka haɗa wannan da injin da dama can yake shan baƙin mai yana hayaƙi, a haƙura da shi. Amma awo ne ke yanke wannan hukunci. Ka sa mai gyara ya auna naɗin da mita a gabanka, ya sauya wayar da aka ci ɗungurungum. Kada ka yarda da ƙulli da salatif kusa da tankin fetur, gobara ce kake ajiyewa.

Laifi mafi girma namu ne. Mun ajiye inji a lungu kusa da buhunan masara, muka lulluɓe shi da tsumma, muka yi watanni ba mu tayar da shi ba. Masauki muka gina wa ɓera. A ɗaga injin daga ƙasa, a kewaye shi da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a nisanta shi da hatsi, a riƙa tayar da shi ko sau ɗaya a wata. Wurin kuma ya kasance a waje inda iska ke ratsawa, domin hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Kafin a taɓa sheƙar ma a sa safar hannu, a jiƙa kashin da ruwan bilic, kada a share shi a bushe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum.

Abokin nawa ya sauya wayoyin da filta, aka wanke masa kafireta, injin ya tashi a ja na biyu. Buhunan masarar ne har yanzu nake fama da shi ya kwashe.