Zancen Gida: A bar yaro ya ƙera motarsa ta kara

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, kara yana zube cikin gonaki. Zancenmu na wannan wata a kan karan nan yake, da laka, da ɗiyanmu.

Kowa ya san motar kara. Yaro ya samo karan dawa, ya ɓare ɓawon, ya yanyanka lallausan cikin, ya harhaɗa su da tsinken ɓawon. Ƙafafun kuwa sakaina ce ko tsohon silifa. Yaran Tsarnawa da Malbaza da Galmi, da suke bakin kwalta, kamyo suke yi, irin masu ɗaukar siminti da buhunan albasa. A ƙauyukanmu na Alela sai ka ga amalanke, har da jakinta.

To, sai uba ya dawo daga kasuwa, ya tarar da tsakar gida cike da ɓawon kara, ya sa ƙafa ya take motar, ya ce aikin banza. Ni ban yarda aikin banza ne ba. Ku duba da kyau. In ƙafa ɗaya ta fi ƴar uwarta girma, motar karkacewa take yi. In sandar da ta ratsa ƙafafun ta gajarta, ba su juyawa. Dole yaron ya auna da yatsa, ya ƙirga, ya rushe, ya sake. Wannan shi ne lissafin da mu manya muke zufa a kansa da dare a cibiyar yaƙi da jahilci. Motar roba ta kasuwa kuwa, ran da ta karye sai juji. Salular da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru, ita ma ido kawai take ba aiki, hannu yana zaune.

A ƙasar Malawi, can kudancin Afirka, an yi yunwa a 2001 da 2002. Wani ɗan manomi, William Kamkwamba, ya bar lakwal don babu kuɗin biya. Yana ɗan shekara 14 ya ga hoton injin iska cikin wani littafi. Ya tsinto ƙarafa a juji, ya haɗa da tsohon keke da itace, ya samar wa gidansu wutar lantarki. Lokacin da yake tsince-tsincen, mutanen garin mahaukaci suke ce masa.

Me uwa da uba za su yi? Ba ya cin ko dala. A ware wa yara damin kara guda, kada duka ya tafi ga darni da abincin bisashe. A bar su su ɗebo laka a bakin tabki. Yarinya ta gina ƴar tukunya, yaro ya gina ɗan rumbu ko rudun albasa, ɗan makiyayi ya yi saniya mai dogayen ƙahoni. Gidan da ba a son siffar mai rai, rumbu da tukunya sun isa. Na farko zai tsage, babu shakka. Kada ka karɓe ka gina masa. Ka tambaye shi: me ya sa ya tsage? In ya rasa, sannan ka nuna masa yadda ake cuɗa laka da ƙaiƙayi, a shanya a inuwa.

Dara ma malama ce. Gurbi 30 ne, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Ka tambayi ɗanka: in an zuba duka, gurbi nawa ya rage? Ka bar shi ya gano 6 ɗin da kansa.

Da dare, in kaka ko inna tana tatsuniya, ta tsaya a tsakiya, inda Gizo ya shiga uku, ta ce wa yaran kowa ya faɗi dabarar da za ta fid da shi. Za ku sha dariya. Ku kuma da kuka koyi baƙi, ga inda karatunku zai yi rana: ku rubuta tatsuniyar yaron cikin littafinku, ku sa sunansa a ƙasa, ku karanta masa gobe.

Ƴan mata su ne aka fi tauyewa. Daga rijiya sai turmi, daga turmi sai talla. A rage masu aiki ko da bayan la'asar ne, su yi ƴar tsana, su saƙa faifan kaba da irin adon da ransu yake so.

Sai a kula da abu biyu. Ɓawon kara yana yanka kamar aska, tsohuwar reza mai tsatsa kuma ba ta yaro ba ce. Ƙarami ya yi aikinsa kusa da babba. Mu masu noman albasa, kada mu bar gwangwanin maganin ƙwari a inda yaro zai ɗauka ya yi mota da shi. Ko an wanke shi, guba ba ta fita duka.