ZARE: Gasar yaƙin tebur ta farko a tsallaken gada, da rundunonin da bai kamata mu jera ba

1/ Mako guda ke nan ana ja-in-ja a guruf ɗinmu na WhatsApp kan gasar yaƙin tebur da muke son shiryawa a nan tsallaken gada. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum goma, bari in zube ra'ayina a nan kowa ya gani. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama 🧵

2/ Ga wanda bai san wasan ba: tebur ake mayarwa filin daga. A yi tudu da soson katifa, kogi da shuɗin ƙyalle, gari da kwalin ashana. Kowa ya jera 'yan mitsi-mitsin sojojinsa da tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba. Da tef ɗin tela ake auna tafiyarsu, misali mai ƙafa inci 6, mai doki inci 12.

3/ Ƙa'idar wasa ce ke faɗin ko harbi ya samu, ko rundunar da ta sha wuta za ta tsaya ko za ta arce. Dara ce dai aka cire mata gidaje aka ba ta kwari da tudu. In ka taɓa zama a majalisar 'yan dara a Kakuri ka ga dattijo ya yi shiru minti biyar kafin ya taɓa ɗa guda, to ka san rabin abin.

4/ Kuma ba yara suka ƙago shi ba. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, cikin Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa wasan a kan taswira. Suka ce ai wannan horo ne, aka raba wa rundunoni. Gefe ɗaya Ja, ɗaya Shuɗi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

5/ A 1913 marubucin Ingila H.G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, ya sauko da abin daga bariki zuwa tsakar ɗaki. Sai kamfanin Games Workshop ya kawo Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987. Su ne waɗancan sojojin masu sheƙi da kuke gani a YouTube.

6/ Mu a nan ba mu kai goma ba. Malamin makaranta, tela, ɗan bautar ƙasa, mai gyaran waya da sauransu. Ranar Asabar muke haɗuwa a Barnawa, wasu daga Narayi da Sabon Tasha, mutum biyu kuma sai sun tsallako gada daga Tudun Wada. Mutum ɗaya tak ke da Warhammer na gaske, shi ma yayansa ne ya aiko masa daga Ingila.

7/ Maganar kaya mai sauƙi ce, bari in sallame ta. Wanda ya ce sai da sojan kamfani za a shiga gasa, to ya shirya gasar mutum ɗaya. Da fam ake sayar da su, ga kuɗin dako, ga kwastan, ga fenti. Mu da muka tashi muna ƙera mota da kara da langa-langa, muna buga ƙwallo da marfin kwalba, a ce soja ɗan inci ɗaya ya gagare mu? Haba.

8/ Yumɓu, katako, kwali, sojan roba na kasuwa, duk a bari. Sharaɗi ɗaya: girman gindin da aka kafa su a kai ya zama daidai, kuma daga nesa a gane wannan mai bindiga ne, wancan igwa ce. Fallen filawud mai ƙafa 8 da 4 yana fitar da tebur biyu masu ƙafa uku-uku. Falle huɗu, tebur takwas. Kafinta zai gama a yini.

9/ Masu cewa ba a iya yi a gida su leƙa Abuja. Kenechukwu Ogbuagu da kamfaninsa NIBCARD Games a nan ƙasar suke ƙera wasannin tebur, kuma a 2021 suka ci kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar wasannin. Jirgin ƙasa ne tsakaninmu da su daga Rigasa.

10/ To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wane yaƙi za mu jera a tebur? Wani ya ce yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wani ya ce jihadin 1804. Wani kuma cikin raha ya ce a yi "Arewacin kogi da Kudancin kogi", wai zai ja mutane. Aka yi ta turo fuskar dariya. Ni ban yi dariya ba, ga dalili.

11/ Bara wani cikinmu ya yi dabara, ya zana taswirar unguwarmu a kwali. Layinmu, kwalbati, masallaci, coci, har da shagon mai shayi. Muka baje a ƙofar gida muka jera sojoji muna cewa "ka tare nan, ni zan ɓullo ta baya." Wallahi ko a jikinmu.

12/ Wani maƙwabci ya wuce ya gani, bai ce uffan ba. Kafin magariba sai ga 'yan sintiri. Awa guda muna bayani. Shugabansu ya ɗaga sojan roba yana juyawa ya ce, "Malam, na ji wasa ne. To me ya sa layin gidana ne a jiki?" Babu wanda ya iya amsawa a cikinmu.

13/ Na ji haushin maƙwabcin nan kwana biyu. Daga baya na ga gaskiyarsa. Mutumin ya ga Fabrairun 2000 da idonsa. Ya ga Nuwamban 2002, ya ga Afrilun 2011. Ya ga maƙwabta sun ɗaure kaya sun tsallaka gada, wasu sun yi can, wasu sun yo nan, ba su sake dawowa ba. Ya hangi samari da taswirar layinsa, me kuke so ya yi?

14/ Wannan a ƙofar gida ke nan, tsakanin mutanen da suka san mu. Gasa kuwa zaure ne a buɗe, kowa da waya a hannu. Hoto ɗaya ya isa. Tebur, sojoji, tuta biyu, wani ya ɗora rubutun da ya ga dama ya tura guruf. Kafin ka gama bayani ya kai Gonin Gora ya kai Rigasa, kuma bayaninka ba zai bi shi ba.

15/ Ba ma sai an kai ga hoto ba. Wanda ke zaune gabanka a tebur, ba ka san abin da gidansu suka rasa ba. Ka ce masa "na ƙone maka gari" kana dariya, shi kuwa an taɓa ƙone musu na gaske. Ba zai yi faɗa ba. Zai gama wasansa, ya yi sallama, ba za ka ƙara ganinsa ba. Mu da ba mu kai goma ba, wa za mu iya rasawa?

16/ An ce min, ai Turawa suna buga yaƙin Hitila kullum, ba a yi komai ba. Haka ne. Amma ko a Jamus doka ta hana baje tambarin 'yan Nazi, shi ya sa kwalayen jiragen roba da ake sayarwa can ba sa ɗauke da shi. Su ma suna da layin da ba a tsallakawa, shekara 80 bayan yaƙin. Namu mikin ko shekara 30 bai yi ba.

17/ Kar a ce ina gudun tarihi. Ni ma ina son in jera Kwatarkwashi ta 1903 in ga ko akwai dabarar da mahayan Kano za su yi wa bindigogin Turawa. Ina son yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina. Za mu yi, a ɗaki, tsakanin waɗanda suka ci abinci a kwano ɗaya. Ba a ranar farko gaban baƙi ba.

18/ Mafita mafi sauƙi ita ce ta 1824 ɗin nan: Ja da Shuɗi, ƙasar da babu ita a taswira. Ba ta ɓata wa kowa. Aibinta ɗaya, ba ta da gishiri. Babu labarin da za ka ba yaron da ya tsaya kallo.

19/ Shawarata ita ce Bama, 1944 zuwa 1945. Kuma ba daga nesa na ɗauko ta ba. Barikin da ke Kakuri sunansa Kalapanzin. Mutum nawa ke wucewa ta ƙofarsa kullum ba su san sunan kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama ba? Ta kwarinsa runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta bi a ƙarshen 1944.

20/ Runduna ta 81 kuma ta yi nata a kwarin Kaladan, cikin kurmi da tsaunuka inda mota ba ta shiga. Kaya a ka, abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung. Barikin Dodan na Legas ma daga Bama sunansa ya zo.

21/ Su wa ke cikin rundunonin nan? Kakanninmu ne, mazan jiya. Bahaushe, Tibi, Bachama, Babarbare, mutanen Kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya. Yaƙi ne da kakan ɗan Sabon Tasha da kakan ɗan Tudun Wada suka kwana a rami ɗaya.

22/ Ba na yi wa abin kwalliya. Yaƙin Turawan mulki ne, ba namu ba, wasu ba da son ransu suka tafi ba, kuma an biya su ƙasa da abin da aka biya farar fata. Wannan ma a faɗa wa yara a wurin. Gara su ji a bakinmu.

23/ A fagen wasa kuwa Bama ta fi duka daɗi. Kurmi ne, ba ka ganin abokin gaba sai ya zo kusa, don haka tebur ƙarami ya isa. Ba a bukatar tankoki. Kogi a tsakiya, tudu biyu, wurin da jirgi zai jefo kaya, kowa na neman ya riga kaiwa. Wa zai riƙe Japan? Kowa. Ana juyawa kamar fari da baƙi a ces, wannan zagaye kai, na gaba shi.

24/ Sai maganar ɗan lido, wadda ake ta kewayewa a guruf. Yawancin ƙa'idojin wasan da shi suke aiki, kuma akwai malaman da ke ganin wasa da shi bai halatta ba ko babu kuɗi. Ni ba mai fatawa ba ne. Amma biyu daga cikinmu ba sa taɓa shi, kuma ba zan so a shirya gasar da za ta bar su a waje ba.

25/ Ana iya yi ba shi. Wells kansa bai sa shi a wasansa ba, 'yar igwa mai sifirin yake harbawa ta ka da soja. Mu za mu iya lissafi: yawan dakaru, wa ke kan tudu, wa ke cikin daji, wa aka ɓullo wa ta baya. Kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye a takarda, a buɗe tare. Rashin sanin abin da ɗan'uwanka ya rubuta ya ishe ka fargaba.

26/ Kuɗi kuwa, a'a. Ranar da aka ce a zuba dubu-dubu wanda ya ci ya kwashe, mun zama gidan caca, kuma babu uban da zai bar ɗansa ya zo. A yi karo-karo na haya da ruwa da abinci, a manna lissafin a bango. Zakara ya tafi da kofin katako da kafintanmu ya sassaƙa.

27/ Tsari: kar a yi sili-ɗaya-ƙwale. Mutum ya biya kuɗin keke daga Kawo, a cire shi ƙarfe sha ɗaya, ya zauna kallo har yamma? A yi tsarin Suwis, wanda 'yan ces suka fara a Zurich a 1895. Ba a korar kowa, mai nasara ya haɗu da mai nasara, wanda aka ci ya haɗu da irinsa.

28/ Mutum 16, tebur 8, zagaye 4. In takwas suka zo, zagaye 3 ya wadatar. Kowane wasa awa guda, runduna kar ta wuce kashi shida, irin ma'aunin da Neil Thomas ya bi a littafinsa One-Hour Wargames na 2014. Ƙa'ida shafi ɗaya, Hausa a gaba Turanci a baya. Alƙali ɗaya, kuma ba ya wasa. Na san wanda zai ji haushin wannan 😂

29/ Rana Asabar, ba Juma'a ba, ba Lahadi ba. A fara ƙarfe goma, a tsaya azahar a ci abinci, a tashi kafin biyar da rabi don na nesa su tsallaka da ido. Wuri kuma Barnawa ko Kakuri, kusa da babban titi, zauren makaranta ko ɗakin taro, ba harabar masallaci ko coci ba. In muka kai shi can ƙuryar unguwa, wasu za su ce "in sha Allah" su ƙi zuwa, kuma ba zan ga laifinsu ba.

30/ Mako biyu kafin ranar, mu ɗauki tebur guda da sojojinsa mu kai wa mai unguwa ya gani da idonsa, mu kai takarda ofishin 'yan sanda, mu gayyaci shugaban 'yan sintirin nan ya zo ya zauna a kujerar gaba. Garin NDA ne da DICON, ga Jaji a kusa, ba za mu rasa tsohon soja da zai buɗe mana taro ba.

31/ Abin da nake nema yanzu: kafinta mai sauƙin kuɗi a Kakuri, da mai iya aikin yumɓu. Sannan duk wanda kakansa ya je Bama, in akwai hoto ko lambar yabo a ƙasan akwati, don Allah ya ɗauka ya turo min. Muna gardama kan hular da za mu yi wa sojojin, tela ya dage wai jar dara ce, ni na ce malafa ce mai naɗaɗɗen gefe suka sa a daji.