Gasar hawan igiyar ruwa ta duniya ta koma gidan jiya a kakar 2026

Hukumar WSL mai shirya gasar ƙwararrun 'yan wasan hawan igiyar ruwa ta duniya ta yi watsi da tsarin nan na fid da zakara a yini guda, inda daga kakar 2026 ta koma ga lissafin makin da ɗan wasa ya tara a tsawon shekara.

A watan Mayun 2025 ne hukumar, wadda ke da mazauni a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta ba da sanarwar wannan canji. Ya kuma zo daidai da cikar gasar shekaru 50, domin kuwa a 1976 ne aka fara ta, lokacin da ɗan ƙasar Ostireliya Peter Townend ya zama zakara na farko.

Bisa ga dukkan alamu, matakin amsa laifi ne a fakaice. Shekaru biyar hukumar ta yi tana kare tsarin da a yanzu ta jingine.

Yadda ake wasan

Ɗan wasa kan kwanta a kan wani dogon allo, ya yi iyo da hannuwa zuwa inda igiyar teku ke tasowa. Idan ta taso sai ya miƙe tsaye a kan allon, ya bi ta yana juye-juye, ko ya yi tsalle sama, ko kuma ya kutsa cikin kogon da ruwan kan yi yayin da yake naɗewa, ya fito ta ɗaya bakin.

Alƙalai biyar ne ke ba kowace igiya maki daga sifiri zuwa 10. Akan zubar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci, a ɗauki matsakaicin sauran ukun. Igiyoyi biyu mafiya kyau ake ƙirga wa kowane ɗan wasa a karon da kan ɗauki kimanin rabin sa'a, saboda haka maki 20 ne ƙololuwa.

Sai dai kuma teku ba fili ba ne da za a share a ja masa layi. Akan ware kwanaki goma ko fiye ga kowane zango ana jiran iska da ruwa su daidaita, kuma mai yiwuwa ne gwani ya shafe mintuna ashirin a zaune igiyar kirki ba ta zo ba. Wannan shi ne tushen muhawarar da ta dabaibaye gasar: shin adalci ne a yanke hukuncin aikin shekara guda a cikin 'yan sa'o'i, a wasan da sa'a ke da rabo mai tsoka a cikinsa?

Tsarin da aka soke

Daga 2021 zuwa 2025, 'yan wasa biyar da ke kan gaba a ɓangaren maza da biyar a ɓangaren mata ne kan hallara a rana guda a ƙarshen kaka. Na biyar ya kara da na huɗu, wanda ya yi nasara ya gamu da na uku, haka har a kai ga na ɗaya. Tamkar a ce ƙungiyar da ta kammala gasar Firimiya ta Ingila a saman tebur ba za ta ɗaga kofi ba sai ta sake doke wadda ta zo ta biyar.

Dalilin hukumar a wancan lokaci ba ɓoyayye ba ne. A tsohon tsari, akan sami zakara tun kafin zangon ƙarshe, wani lokacin ma yana tsaye a gaɓar teku saboda an fitar da abokin hamayyarsa. Gidajen talabijin da kamfanonin talla kuwa sun fi son ranar da kowa ya san za a ɗaga kofi.

Idan aka duba alƙaluma, tsarin bai yi ɓarnar da ake zato ba. A cikin kofuna goma da aka bayar a shekarun biyar, takwas sun tafi ne ga wanda dama shi ke kan gaba a maki. To amma sauran biyun duka mutum guda suka shafa, wato Carissa Moore ta Hawai. A 2022 ta shiga ranar ƙarshe a matsayi na ɗaya, amma Stephanie Gilmore ta Ostireliya, wadda ta zo ta biyar, ta doke kowa ta karɓe kofin, wanda shi ne na takwas gare ta. A 2023 ma Moore ce a gaba, sai Caroline Marks ta Amurka ta yi mata irin wannan ƙwace. Magoya bayanta na ganin lamarin a matsayin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, suna masu cewa kofuna bakwai ya kamata a ce tana da su a maimakon biyar.

Ƙorafi na biyu shi ne wurin da ake yin wasan. Sau huɗu a jere aka yi shi a Lower Trestles da ke Kalifoniya, inda igiyar ba ta da girma ko haɗari, abin da masu suka ke cewa ya fi dacewa da gwanayen tsalle irin su Filipe Toledo na Brazil, zakaran 2022 da 2023. Sai a 2025 aka mai da shi Cloudbreak a tsibiran Fiji, inda Yago Dora na Brazil da Molly Picklum ta Ostireliya suka yi nasara.

Abin da ya canja

An tsara kakar 2026 ta ƙunshi zango 12, ta fara a Bells Beach da ke Ostireliya a watan Afrilu, ta ƙare a Pipeline da ke tsibirin Oahu na Hawai a watan Disamba. Maza 36 da mata 24 ne ke shiga zango tara na farko. Daga nan a rage su zuwa maza 24 da mata 16 domin zango biyu, kafin kowa ya sake dawowa a Pipeline. Sakamako tara mafiya kyau daga cikin 12 ne ke fid da zakara.

Kazalika an soke korar da aka riƙa yi a tsakiyar kaka tun daga 2022, wadda kan raba 'yan wasa da dama da gurbinsu, wani lokacin har da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu, bayan 'yan watanni da fara gasa. A ɗaya hannun kuma an cire zagayen nan da ke ba wanda ya faɗi a karon farko damar sake gwadawa. Yanzu duk wanda aka doke sai ya haɗa kayansa.

Duk da haka hukumar ba ta saki bukatar 'yan talabijin gaba ɗaya ba. Wanda ya ci kowane zango na samun maki 10,000, amma na Pipeline maki 15,000 ne. Manufar ita ce a rage yiwuwar samun zakara kafin Disamba, ko a maimaita irin abin da ya faru a 2019, lokacin da 'yan Brazil biyu, Italo Ferreira da Gabriel Medina, suka kai wasan ƙarshe a Pipeline kofin duniya na reto a tsakaninsu, Ferreira ya yi galaba.

Pipeline wuri ne da igiya ke faɗowa da ƙarfi a kan duwatsu masu kaifi a ruwa marar zurfi, kuma ya sha cin rayuka, ciki har da na Malik Joyeux, ƙwararren ɗan wasa daga Tahiti, a watan Disambar 2005. Ɗora masa maki mafi yawa na nufin da wuya mai tsoron babban ruwa ya sake zama zakara.

Su wa ake sa wa ido

A ɓangaren maza, tambayar ita ce ko akwai mai iya karya lagon Brazil. Daga 2014 zuwa 2025 an ba da kofi sau 11, domin annobar korona ta hana gasar 2020. 'Yan Brazil sun ɗauki takwas, sauran ukun kuma John John Florence na Hawai ne ya ci. Medina, mai kofi uku, wanda rauni a ƙirji ya hana shi wasa a 2025, ya sami gurbi na musamman a kakar 2026.

A ɓangaren mata kuwa karo ne tsakanin manya da masu tasowa. Moore da Gilmore, waɗanda suka ɗan janye jiki daga gasar, sun ba da sanarwar dawowa. Suna fuskantar matasa irin su Picklum da Caitlin Simmers ta Amurka, wadda ta zama zakara a 2024 tana da shekaru 18. Ƙarin gurbi daga 18 zuwa 24 ci gaba ne a kan matakin 2019 na daidaita kuɗin kyauta tsakanin maza da mata, ko da yake har yanzu maza sun fi yawa da mutum 12.

Kuɗi ke zaɓen gaɓa

Akwai kuma batun da sabon tsarin bai taɓa ba. Galibi ba a karɓar kuɗin shiga a bakin teku, saboda haka gasar ta dogara ne a kan kamfanonin talla da gwamnatocin da ke son tallata ƙasashensu ga masu yawon buɗe ido. Ta haka ne El Salvador ta shiga jadawali a 2022. A watan Fabrairun 2025 kuma aka yi zango na farko a Abu Dhabi, a wani tafki da inji ke tayar wa igiya, da fasahar kamfanin Kelly Slater, Ba'amurken da ya ci kofin duniya sau 11.

Nahiyar Afirka ce ta ji a jikinta. An cire Jeffreys Bay na Afirka ta Kudu daga kakar 2026 saboda rashin isasshen tallafin kuɗi, aka ba Raglan na New Zealand gurbinsa, alhali kuwa masana wasan na sanya igiyar Jeffreys Bay cikin mafiya kyau a duniya. Shi ne zango ɗaya tilo da nahiyar ta kasance tana da shi kafin nan.

Ko shakka babu, komawa ga lissafin shekara ya faranta wa akasarin 'yan wasa da tsofaffin masoya gasar rai. Abin jira a gani shi ne yadda hukumar za ta yi a shekarar da wani gwani zai tara makin da ba mai iya kamo shi tun kafin a isa Hawai, ranar ƙarshe ta zama ta cika al'ada kawai. Irin wannan yanayi ne ya haifi tsarin 2021, kuma shi ne zai nuna ko WSL ta yi wannan gyara ne da zuciya ɗaya.