Wiwi da agogon ƙwaƙwalwa: abin da dokar tuƙi ta Jamus ta nuna

A Afrilun 2024 Jamus ta halatta wa manya shan wiwi, amma a Agusta sai ta sa wa direbobi iyaka: nanogiram 3.5 na sinadarin THC a kowace mililita ta ruwan jini. Hakan bai ba likitoci mamaki ba. THC yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda ke taimakawa wurin auna daƙiƙoƙi, sai mashayi ya ji minti biyar kamar goma. A ɗaki, abin ya tsaya a dariya. A titi kuwa, lissafin tazarar wuce tirela ne ke rikicewa, alhali direban na rantsuwa garau yake. Idan ɗanku yana sha, ku riƙe makullin mota ranar, domin mayen kan ɗauki sa'o'i.